Gidan Bakin Filin Sukuwa

Shagona na ɗinki yana unguwar Hindawiyya a Makka, a wani lungu da mota ɗaya ce kawai ke iya ratsa shi, ita ma sai direba ya naɗe madubi. Na haura shekara talatin a bayan keke a wurin, ina ɗinka wa mutanenmu kaftani, ina rage wa Larabawa tsawon jallabiya. Gidan da muke haya kuwa yana Rusaifa, hawa na farko, daidai saman banshar, wato shagon masu facin taya. Suna da wata na'ura da suke kwance ƙusoshin taya da ita. In ta fara kuka sai ka ji har kofin shayi yana rawa a kan faranti, kuma ba ta hutawa sai an kira salla.

Ni ƙara ba ta dame ni ba, kunnen tela ya saba. Matata ce abar tausayi. Tun haihuwar autanmu ciwon ɓarin kai ya same ta. In ya taso sai ta ɗaure goshinta da ɗankwali tamau, ta kashe fitila, ta ja labule, ta kwanta ba ta son jin ko motsin cokali. Mun je asibiti har mun gaji. Likitoci suka ce ta guji hayaniya da haske mai ƙarfi. Muka fito muna dariya, don wanda ke zaune a Makka, kuma a saman banshar, ina zai gudu?

Da yara suka girma, matan suka yi aure, namijin ya samu aiki a Jidda, sai maganar komawa gida ta fara shigowa cikin hirarmu. Ba yau ba, ba gobe ba, amma dai iƙama, wato izinin zama, takarda ce da ake sabuntawa, kuma idona ya fara gajiya da zura zare a allura. Muka yi shawarar mu sayi gida a garinmu, wani gari da ke gabas da Kano, da ɗan abin da muka daɗe muna tarawa. Na tambaye ta irin gidan da take so.

Ta ce, "Malam, ni ban ce ka gina min bene ba. Wuri kawai nake so wanda in na kwanta zan ji numfashina."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Na yi miki alkawari."

Ƙanwata ce idonmu a gida. Malamar firamare ce, mace mai tsayawa a kan magana, wadda tun muna yara ba ta iya rufa wa kowa ƙarya. Ita ta riƙa bin dillalai, tana shiga gidaje tana ɗauko mana a bidiyo. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma wanda yake nesa ba shi da wani ciniki sai wannan. Wata huɗu muna kallon gidaje a waya. Wannan yana bakin kwata, wancan yana manne da injin niƙa, wani kuma an ce magadansa suna kotu. Akwai wanda ya yi mana kyau sosai, sai ƙanwata ta koma da daminar fari ta tarar ruwa ya kwanta a tsakar gidan har gwiwa.

Wata Talata da rana na dawo cin abinci, sai ga sabon bidiyo. Muka zauna muka haɗa kai a kan wayar. Gida ne na wani tsohon malamin makaranta da ya rasu, 'ya'yansa duk suna birni. Zaure, ɗakuna uku a jere, rijiya mai murfi, ga bishiyar lemun tsami a kusurwa. Tsakar gidan a share yake, kuma cikin bidiyon babu abin da kake ji sai takun ƙanwata da kukan kurciya. Matata ta ce in mayar baya. Sau uku tana kallon lemun nan.

A ƙarshen bidiyon ƙanwata ta fito ƙofar gida, ta ɗan juya wayar don mu ga layin. Daƙiƙa biyu ne ko uku. Bayan gidaje biyu sai fili ya buɗe, ja, mai faɗi, da wasu turaku masu farin fenti a jere, can nesa kuma wata doguwar rumfa ta kwano. Matata ba ta lura ba. Ni kuwa na san rumfar nan.

Filin sukuwar garinmu ne. Lokacin da nake yaro a daji yake, sai ka wuce gonakin gero kafin ka kai. Ban taɓa zaton gari zai miƙe har ya cim masa ba. Mahaifina goro yake sayarwa, kuma duk Asabar da la'asar a nan yake kasa farantinsa. In an kusa sakin dawaki sai ya bar wa maƙwabcinsa farantin, ya ɗora ni a wuyansa, ya kutsa har gaban turakun. Ba mutum ne mai yawan magana ba, a gida ma da wuya ka ji muryarsa. Amma in dawaki suka karyo kwana ta ƙarshe, ihu yake yi har in ji wuyansa yana girgiza a tsakanin cinyoyina. Ya rasu ina nan Makka, shekarata ta shida da zuwa. Labari ya iso ni an riga an yi sadakar uku.

Matata ta ce, "Amma Malam, gida irin wannan, me ya sa ya yi araha haka?"

Na ce, "Magada ne. Sauri suke yi su raba."

Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi gaskiya ba, kuma na san bambancin tun kafin in rufe bakina.

Washegari ina shago ƙanwata ta kira.

"Yaya, ka ga filin?"

"Na gani."

"Ka faɗa wa Anti?"

Na ci gaba da juya almakashi a hannu.

Ta ce, "Dillalin nan bai ambace shi ba, ni kuwa da gangan na juya wayar. Na san kai za ka gane. Yaya, matar da ba ta iya jure ƙarar cokali za ka kai bakin filin sukuwa?"

Na ce ai sau ɗaya ne a mako, kuma dawaki ba injin niƙa ba ne.

"To, ba zan yi gardama da kai ba. Ranar Asabar zan je in naɗo maka yadda ake ji daga cikin gidan. Ka saurara da kunnenta, ba da naka ba."

Agogonmu ya riga nasu da awa biyu, saboda haka lokacin da suke sukuwa mu muna shirin magariba. Ina dawowa daga masallaci na tarar da saƙonnin murya guda uku. Na sa wayar a kunne, a tsaye, ko zama ban yi ba. Na farko daga ƙofar gida ta naɗo shi. Wani mutum ne a lasifika yana zuba kirari kamar zai tsage maƙogwaro, ga kalangu, ga babura. Can sai hayaniyar ta ɗan lafa, kamar kowa ya ja numfashi, sannan na ji shi: takun kofato, dawaki da yawa a tare, kamar ruwan sama mai ƙarfi yana tahowa ta kan gonaki. Sai ihun mutane ya haɗiye komai.

Ban san sau nawa na maimaita ba. Wani abokin ciniki ya shigo karɓar ɗinkinsa, ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa zare ne ya shiga idona.

Na riƙe abin nan a cikina kwana huɗu. Kullum ina tsara yadda zan faɗa mata, kullum ina samun dalilin barinsa sai gobe. Ita kuwa har ta fara raba ɗakunan: wannan namu, wannan na baƙi, wancan na jikoki in sun zo hutu. Ta ce za ta dasa zogale kusa da rijiyar.

Ranar Laraba na dawo da azahar na tarar da gidan duhu. Na san abin da ke nan. Na cire takalmi a hankali, na shiga na same ta a kwance, ɗankwali ɗaure a goshi. A ƙasa na'urar banshar tana ta kukanta. Na jiƙa tawul da ruwan sanyi na ɗora mata, na zauna a bakin gado ina danna mata bayan wuya yadda take so. Can, ba tare da ta buɗe ido ba, ta ce:

"Ba komai, Malam. Saura kaɗan. In muka koma gidan lemun nan duk wannan ya wuce."

Hannuna ya tsaya. Ban iya komawa shago ba ranar.

Da safe, da na ga ta warware har ta sha shayi, na ce mata akwai maganar da ya kamata in yi tun makon jiya. Na faɗa mata komai, tun daga turakun da na gani a bidiyo har saƙonnin da ke cikin wayata. Ta ajiye kofinta.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Da na tambaye ka dalilin araha?"

"Na sani a lokacin."

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta dube ni kawai, irin kallon da take yi wa yara in sun fasa abu sun tura shi ƙarƙashin kujera. Sannan ta ce, "Kunna in ji."

Na kunna. Daidai nan masu faci suka buɗe shago. Ga na'urarsu, ga na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani, ga wani mai mota a titi ya ɗora hannu a kan oda ya manta da shi. Muka kashe abin da za mu iya kashewa, muka shiga ɗakin ciki, duk da haka ba ka iya raba ƙarar da ke cikin waya da wadda ke shigowa ta taga. Sai ta fashe da dariya, ta riƙe kanta.

"Ka ga ikon Allah. Muna so mu auna hayaniya, hayaniya ta hana mu. Gobe Juma'a ka kai ni inda zan ji da kyau."

Wanda ya san Muzdalifa a daren Hajji kawai ba zai yarda wuri ɗaya ba ne da wanda muke zuwa shan iska a sauran watanni. Babu bas ko ɗaya, babu kowa, sai dogayen turakun fitilu a jere da duwatsu a gefe. Mutanen gari kan je da la'asar su shimfiɗa darduma, kowane iyali nesa da ɗan'uwansa. Muka ɗauki tsohuwar motata, da tabarma, da fulas ɗin shayi mai na'a-na'a. Na tsaya inda babu kowa kusa. Da na kashe injin, shirun ya sauko mana har sai da kunnena ya yi ƙara.

Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta karɓi wayar. Ta saurari na ƙofar gida, ta yamutsa fuska. Ta saurari na tsakar gida. Sannan na uku, wanda ƙanwata ta naɗa a cikin ɗaki ta rufe ƙofa da taga. A nan kalangun ya koma kamar daga wata unguwa, amma muryar mai lasifika tana nan daram, sai ka ce a ƙarƙashin gado yake. Ta sa na kai wayar kan wani dutse, na dawo, mu ji daga nesa. Ta sa na ƙara sauti, ta sa na rage. Ni dai ina ta kai da kawo kamar ɗan aike.

Da muka sake kunna na farkon, aka zo wurin kofato, na ɗago kai sai na ga ba wayar take kallo ba, ni take kallo.

Ta ce, "Shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa ganin fuskarka haka ba. Me ke cikin filin nan?"

Ta san mahaifina mai goro ne, ta san ban samu jana'izarsa ba. Amma ban taɓa ba ta labarin Asabar ba. Ban san dalili ba, wataƙila don abu ne ƙarami, irin wanda mutum ke jin kunyar ya ce shi ne ya fi tunawa. Na ba ta labarin farantin, da wuyansa, da yadda in dokin da yake so ya ci yakan saya min rake a hanyar komawa, in kuma bai ci ba ma yakan saya, ya ce ai ba laifin rake ba ne. Na faɗa mata duk lokacin da na yi ƙoƙarin tuno muryarsa, ihun nan ne kawai ke zuwa min, don shi ne kaɗai lokacin da ya ɗaga ta.

Ta zuba min shayi, ta zuba wa kanta. Muka sha.

Sannan ta ce, "Waya ba ta faɗar gaskiya duka. Ƙaramin abu ta mayar da shi babba, babba ta mayar da shi ƙarami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ce wa ƙanwarka ta nemo min mace a layin, wadda ta daɗe a wurin. Mace nake so, ba namiji ba. Namiji zai ce min babu komai."

Ƙanwata ta samo wata tsohuwa da katangarta ke haɗe da ta gidan. Ba ta da babbar waya, saboda haka sai ƙanwata ta biya ta wurinta bayan an tashi daga makaranta, ta kunna mata tambayoyin matata, ta naɗo amsa. Saƙon farko na ji shi da kunnena.

"Salamu alaikum, 'yata ta Makka. An ce ke ce mai ciwon kai. Allah ya ba ki lafiya. To bari in fara faɗa miki, kunnena na hagu ya mutu tun shekarar da aka yi min aikin ido, saboda haka duk abin da na ce ki ninka shi biyu. Dawaki ba su da laifi, bayin Allah, wucewa suke yi kamar iska. Mai lasifikar nan shi ne bala'i. Ko ba a saki doki ba yana magana, ko an gama yana magana. Sai 'yan babura in an tashi. Kuma ranar Asabar kada ki kuskura ki yi shanya, jar ƙasa za ki kwashe. Sau biyu a shekara suna yin babba, kwana uku a jere, baƙi daga ko'ina. Wannan kam ni ma tattara kayana nake yi in tafi gidan 'yata. Amma sauran kwanaki, 'yata, in allura ta faɗi a gidan malam marigayi sai na ji ta da kunnen nan nawa ɗaya."

Matata ta saurara sau biyu tana murmushi. Ta mayar da amsa doguwa, tana kiranta Iya. Daga nan abin ya zama kullum. Ta tambayi ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi, ta ina iska ke kaɗawa, ko akwai masu tsugunawa a gindin katanga. Iya ta ce akwai, amma ta yi maganinsu da ruwan wanke-wanke. Sannu a hankali hirar ta bar filin sukuwa. Na dawo wata rana na ji suna maganar yadda ake yin miyar zogale da gyaɗa. Wata rana kuma Iya ce ke tambaya wai da gaske ne in mutum ya ga Ka'aba karon farko sai ya yi kuka.

Ni kuwa abin yana ci na. Duk lokacin da na tuna ɗankwalin nan a goshinta da abin da ta faɗa a cikin duhu, sai in ji ba ni da ikon in so gidan nan. Mai lasifika, kwana uku a jere, babura. Na yi alkawarin wuri mai shiru, kuma wannan ba shi ba ne. Dillali ya fara matsa wa ƙanwata, wai akwai wani mai so. Sai na kira ta daga shago na ce ta gaya masa mun haƙura, a ci gaba da neman wani. Na ajiye waya ina jin na yi abin kirki. Har na tsaya a hanya na sayo wa matata mutabbak mai zafi, wainar Larabawan nan da take so.

Na faɗa mata ina jiran ta ji daɗi. A maimakon haka sai ta tashi tsaye. Ranar ce na ga ɓacin ran da ban gani ba ranar da na yi iƙirari.

"Wa ya ce ka fasa?"

"Saboda ke na yi."

"Saboda ni? Da farko ka ɓoye min saboda kanka. Yanzu ka fasa saboda ni. Duka biyun akwai wanda ka tambaye ni? Kan nan nawa ne, Malam. Ni na san abin da zai iya ɗauka. Kwana goma ina bincike, kai kana zaune a shago kana yanke hukunci."

Na ce, "Na yi miki alkawari."

"Ka yi. Ni kuma aka yi wa, ni zan ce an cika ko ba a cika ba. Kira ta yanzu ka ce ta dakata. Ina so in yi istihara."

Na kira. Ƙanwata ta ce ai ba ta ma kira dillalin ba tukuna, don ta san ba daga bakin Anti maganar ta fito ba.

Bayan kwana biyu, muna karyawa, matata ta ce, "A gidan nan kwana bakwai nake shan ƙara, safe da yamma, shekara goma sha ɗaya. Can yini ɗaya ne, shi ma rabinsa. Kuma ina da inda zan gudu, Iya ta ce 'yarta tana da ɗaki. Na ga gidaje masu shiru a wayar nan da yawa, amma ban ga wanda na san maƙwabciyata tun kafin in shiga ba. Ka saya."

Na ce, "Ba don ni ba?"

"Har da kai. Laifi ne?"

Aka yi ciniki, mijin ƙanwata ya tsaya a madadina, aka sa hannu gaban mai unguwa da shaidu. Takardun suka iso mu a hannun wani da ya zo Umra. Na riƙa juya su ina mamakin yadda mutum zai mallaki rijiyar da bai taɓa leƙawa ba.

Bayan wata bakwai aka sa bikin 'yar ƙanwata. Lokacin ya faɗo kusa da azumi, ɗinki ya yi min yawa, ba halin in rufe shago. Matata ta tafi ita kaɗai, za ta yi mako uku. Ta ce a gidanta za ta sauka, ba a gidan kowa ba. Aka share mata ɗaki ɗaya, aka sa katifa da gidan sauro.

Kwanakin farko kullum sai ta kira. Ta ce ta yi barci har rana ta fito ba ta sani ba. Ta ce da asuba ana fito da dawaki motsa jiki, ba ka jin komai sai hucinsu da ɗan ƙarar linzami. Ta ce Iya gajeriya ce ƙwarai, ba kamar muryarta ba, kuma da suka haɗu sun rungume juna suna kuka kamar waɗanda suka shekara ashirin da rabuwa.

Ranar Asabar na kasa ɗinki. Na lalata wuyan wata riga sai da na farke shi. Da magaribarmu ta yi na san an fara. Na kira, ba ta ɗauka ba. Na sake kira bayan isha'i, wayar a kashe. Na kira ƙanwata, ta ce, "Yaya, ciwon ya tashi. Tana kwance. Ka bari sai gobe."

Washegari sai da hantsi ya yi a can sannan matata ta kira ni da kanta. Muryarta a dushe.

"Malam, wayar nan ta yi mana ƙarya. Ya fi haka ƙarfi. Mutumin nan na lasifika, Allah ya shirye shi, kamar a cikin ƙwaƙwalwata ya kafa ta."

Na ce, "Mu sayar. Wallahi mu sayar, ko da asara."

"Ka fara kuma? Laifina ne. An ce in tafi gidan 'yar Iya, na ce sai na ji da kunnena. Na ji. Yanzu na san abin da zan yi. Kai dai ka ci gaba da ɗinkinka."

Ba ta ƙara cewa komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Asabar ta biyu ta yini a gidan 'yar Iya, a can cikin gari, ta dawo bayan magariba lafiya lau.

Ranar da jirginta ya sauka na je Jidda na ɗauko ta. Ta yi duhu kaɗan, ta kuma yi ƙiba, abin da ban faɗa mata ba. Jakarta tana warin daddawa da kuka. Sai da muka bar cunkoson gari muka hau babban titin Makka sannan ta fara ba ni labari. Ta ce ta kira magini. Ɗakin da muka zaɓa a waya shi ne mafi kusa da filin, saboda haka ya koma na baƙi. Namu shi ne na ƙurya, kusa da rijiya. Ta sa an toshe tagar da ke kallon filin da bulo, an buɗe wata ta gefen Iya. An ƙara wa katangar gabas tsawo. Kuma ta gwada, ta sa ƙanwata ta tsaya a zaure tana buga tasa da ludayi, ita kuma tana ɗakin ƙurya a rufe.

"Na ji, amma kamar daga gidan wasu. Zan iya da wannan. In an zo na kwana ukun nan kuwa, ni da Iya mun riga mun shirya inda za mu."

Na ce Allah ya saka mata da alheri.

Ta kalli duwatsun gefen hanya. Sannan ta ce, "Akwai kuma wani aiki da na sa shi. Zauren nan rufin siminti ne, mai ƙarfi. Na ce ya yi matakala ta ciki, ya zagaye saman da 'yar katanga daidai ƙugu. Na hau da kaina na duba. Ana ganin filin gaba ɗaya, har kwanar can ta ƙarshe."

Na rage gudu, na koma layin dama.

Ta ce, "Goma sha huɗu ne matakan, na ƙirga. Na ce ya yi su da faɗi saboda gwiwarka. Amma kai kaɗai za ka riƙa hawa, kada ka ce in raka ka. Kuma ka kalli hanya, Malam, ga babbar mota nan a bayanka."

Har yanzu muna Rusaifa. Na ce wa kafilina, Balaraben da ya tsaya min a iƙama, shekara biyu nake so in ƙara, in ga na sallami masu ɗinki a hannuna, ya ce Allah ya kai mu. Ban taka gidan ba tukuna. Iya ce ke riƙe da mabuɗi, ita ke shiga tana ba zogalen da matata ta dasa ruwa, kuma makon jiya ta aiko cewa akuyar wani ta shiga ta cinye biyu daga ciki, amma ta riga ta je ta samu mai akuyar.